Hajiya Juwairiyya Usama, Mai Fara Duba Wanda Ya Yi Shiru

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Juwairiyya a shekarar 1968 a Ƙofar Dumi cikin birnin Bauchi. Mahaifinta Malam Usama maɗinkin riguna ne, mahaifiyarta kuwa Malama Habibatu. Ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha uku, kuma bayan sakandare ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ta kammala a 1991.

Aure da Aiki

A 1993 aka ɗaura mata aure da Malam Mansir na Ƙofar Wambai. A 2004 aka mayar da ita sashen gaggawa na asibitin da take aiki, aka ɗora mata alhakin tantance majinyata tun daga bakin ƙofa: ta duba numfashi da bugun zuciya, ta yanke wanda zai fara ganin likita. Ƙa'idarta, wadda ta nanata wa ɗalibai har suka gaji da ji, ita ce mai ihu yana da sauran ƙarfi, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro.

Saɓani da Yayanta

A 2012 mahaifinta ya faɗi ya karye a hannu, yayanta Abdulbaqi ya kawo shi asibiti. Ta durƙusa ta gaida tsohon, ta ɗaure masa hannun, amma sai ta fara shigar da wata mata daga Gubi mai suna Liatu, wadda ke raɓe a lungu shiru tana gumi mai sanyi. Ashe jini ne ke zuba a cikinta. Aka ceci ran Liatu, tsohon kuma ya shafe awa uku a kan benci a idon jama'a. Shi tsohon ya yafe tun a ranar, amma Abdulbaqi ya ɗauki al'amarin cin mutuncin mahaifi, ya yi shekara goma sha ɗaya ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa. Abin ya ci mata rai ƙwarai, sai dai ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba.

Rasuwa

A watan Yunin 2023, ana tsakiyar taron suna a gidansu, Abdulbaqi ne kaɗai ya lura da ita jingine da bango, ta yi tsit. Da kansa ya ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Bai ambaci muƙaminta ba; abin da ya ce wa ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa kawai shi ne, "'Yata, ta yi shiru, don Allah fara duba ta."

Ciwon zuciya ne. Ta ƙara kwana biyu, suka yafi juna, sannan Allah Ya karɓi abarSa ranar Juma'a. An yi mata sutura bayan Sallar La'asar, kuma Abdulbaqi ne ya sanya ta a kabari. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Usama, Ummi da A'i. Allah Ya jiƙanta da rahama.