Baba Kwance, Mai Gwaji a Ƙasan Siminti

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a wurin aiki ba a cika jin muryata ba. Amma Baba Kwance ya ajiye aiki, na ga in na yi shiru babu mai faɗa.

A ma'aikatarmu muna haɗa wata 'yar na'ura da tsofaffi ke ratayawa a wuya. In mutum ya faɗi babu kowa a gida, sai ya danna, wayar 'ya'yansa ta yi ƙara. Abin da ke kai saƙon shi ne modem, ɗan guntun rediyo da bai fi farcen babban yatsa ba. Ni nake liƙa shi a allon na'urar da dalma, in jona masa eriya, in ɗaure murfi. Baba ne mai gwadawa.

Kullum da safe yakan rataye rigarsa a ƙusa, ya goge tabarau, ya jera na'urori a tebur. Sai ya duba ko modem na amsa wa allo, ko yana zuƙe batir, ko sigina ta cika. Iyakar abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Shi kuwa sai ya zari ɗaya daga kowane kwali, ya rataya a wuya, ya shiga banɗakin da ke can ƙuryar gini, ya ja ƙofa, ya shimfiɗa tsohon kwali, ya kwanta rub da ciki a kan na'urar, sannan ya danna. Nan sunan ya samo asali.

"Baba, a kawo matashi ne?" direbanmu yakan ce.

"Ajiye wa kanka, yaro. Kai ma tsufan na tafe."

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi dalili. Ya ce, "'Yata, kin taɓa ganin tsohuwar da ta faɗi a kan tebur? Jikin mutum shanye sigina yake kamar soso. Ga bango, ga ƙofa a rufe."

Wani lokaci aka sauya mana batir da mai kauri, har eriya ta koma manne da shi. A tebur duk suka wuce lafiya. An loda mota, direba na ta hon. Baba ya kwanta ya danna, wayar gwaji da ke hannuna shiru. Ya sake, shiru.

Manaja ya leƙo banɗakin. "Haba Baba, masu kaya sun gaji da jira. Ai a tebur ta yi."

"To ranka ya daɗe, sai a rubuta a jikin kwalin: duk mai faɗuwa ya faɗi rigingine."

Manaja ya yi tsaki, dariya ta ƙwace masa, ya ce a sauke kaya. Injiniyarmu ta zauna a bakin ƙofa tana matsar da eriya kaɗan-kaɗan, Baba na kwanciya yana tashi, har wayar ta yi ƙara. Ranar sai da aka kama shi ya miƙe.

Kai ne, Baba, ka faɗi kafin iyayen mutane su faɗi. Waɗanda suka danna aka zo musu ba su san fuskarka ba, ba su san gwiwarka ce ta biya ba. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya yi albarka. Mu da muka rage, mu riƙa gwada abu a inda za a buƙace shi, ba inda ya fi mana sauƙi ba.

Ranar sallama manaja ya tambayi wanda zai ci gaba da gwajin banɗaki. Kowa ya kama kallon takalminsa, har da ni. Baba ya naɗe kwalinsa, ya jingine a bayan ƙofa, ya sa rigarsa ya tafi.

Washegari na gama ɗaure murfi, na zari ɗaya na rataya. Na miƙa wa direba wayar gwaji ba tare da na ɗaga ido ba, na ce, "In ta yi ƙara ka faɗa mini." Na shiga, na ja ƙofa, na shimfiɗa kwalin. Simintin da sanyi. Na kwanta na danna.

Can na ji ƙara, sannan muryar direba, yadda duk ma'aikatar za ta ji: "Ta shigo, Anti Kwance!"