Dattijon da ya buga sinuka da ni a Tanut

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Damargu babu wanda ya kai ni iya riƙe sanda, akwai gasar sinuka, wasan tura ƙwallaye rami da sanda a kan tebur, da ake yi a Tanut kowace shekara bayan an kai hatsi rumbu. 'Yan wasa kan zo daga Gangara da Tarka har Belbeji. Tebur ɗaya ne tak, a wani ɗaki bayan tasha, kuma ya girme ni. A waccan shekarar na kai wasan ƙarshe.

Ana gobe wasan, bayan sallar azahar, na je in ɗan motsa hannu. Zafi ya kori kowa, mai ɗakin ma ya bar mini mabuɗi ya tafi gida. Ina cikin jera ƙwallaye sai na ga wani dattijo siriri mai shuɗin rawani tsaye a gefen tebur. Ban ji sallama ba, ban ji motsin ƙofa ba, ga ta ta kwano mai kuka. Na gaishe shi, ya amsa da ka, ya ɗauki sanda.

Yana bugawa yana ba ni labari. Ya ce a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, aka kawo teburin daga Damagaram. Ya jero mini sunayen waɗanda suka ci gasar tun daga farko, da garuruwansu, har da shekarar farin da ba a yi ta ba don mutane sun watse neman abinci. Ni dai rabin hankalina yana kan ƙwallayensa. Suna karo, suna faɗawa rami, amma ko ƙas ba ka ji. 

Da ya share teburin sai ya ce, "Ɗana, kana shaƙe sandar nan kamar ta yi maka laifi. Sassauta." Na sunkuya in ɗauki alli, ina ɗagowa na tarar ni kaɗai ne. Gwanin Damargu guda, a ɗakin na baro takalmina.

Mahaifiyata ta tofe ni da addu'a, ta ce maganin mai yawo da tsakar rana ke nan. Da na siffanta mutumin ga mai ɗakin, sai ya ce ai dattijon nan ne ya kafa gasar, amma wata da watanni yana kwance a Tarka, ko zama ba ya iyawa.

Washegari aka lallasa ni a gaban jama'a.

Bayan mako guda abokina ya kai ni Tarka a babur. 'Yar dattijon ta ce ranar da na gan shi, da azahar, ya suma, har sun fara salati, yatsunsa kaɗai ke motsi a kan tabarma. Muka shiga, ya buɗe ido ya ƙura mini.

"An cinye ka ko? Ai na faɗa maka."

 Kafin damina ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ban san abin da na gani ranar nan ba, Allah ne masani, kuma tsoron ya daɗe da barina. Abin da ke ci mini rai shi ne sunayen. Uku kawai na riƙe. Na bi tsofaffin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san sauran.