Ɗoɗɗoyar da Ta Sha Ruwan Alwala

Shekarar da aka rufe makarantu a Maiduguri na gane ashe ban iya zama ba. Ni malamar firamare ce, na saba da alli da hayaniya da tsawata wa 'ya'yan mutane, sai ga ni a gida a Maisandari daga safe har yamma, ba aji, ba inda za a je a dawo da natsuwa. Babura an hana, hanya duk shingen bincike, dokar hana fita kuma yau a sassauta gobe a tsananta. In na share tsakar gida sai in sake sharewa. In na ji ƙara daga nesa sai in tsaya da tsintsiya a hannu ina tunanin ko daga wajen kasuwar shanu ne, inda maigidana yake dillanci, ko kuwa tayar mota ce ta fashe. Shi kansa ya ce wata rana zan share gidan nan har in cim ma ruwa.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Kanuri da kowa ke ce wa Hajja, ita ta gaji da yawan leƙena ta katanga. Ran nan ta miƙo mini wasu rassa masu ƙamshi.

"Wushe, Malama. Ke kam ƙafarki ƙaiƙayi take yi. Ungo ɗoɗɗoya, ki samu abin yi, mu ma mu huta."

Ta koya mini a tsaye, a gurguje. A sa rassan cikin kwalbar ruwa har su yi saiwa. A yanka tsohuwar jarka gida biyu, a huda gindinta da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa fita. A haɗa yashi da busasshen kashin shanu, wannan kuwa gidan dillali ba a rasa shi. Ta samu ranar safe, da azahar inuwar darbejiya ta rufe ta. In ta fara fure a tsinke kan, sai ta yi rassa. Kafin a ba ta ruwa a tsoma yatsa a ƙasar, in da danshi a ƙyale ta.

Na ɗora wa ganyen nan duk ƙarfin da na saba ƙarar wa a aji. Na jera jarkokin a gefen rariya, ina zagaya su kamar mai duba aikin gida. Da bazara ruwa wurin mai moya muke saye, saboda haka a kansu nake alwala, su sha abin da ya zuba. Suka yi kore shar. Muka sa a shayi, muka sa a farfesu, muka riƙa murza ganyen a ƙofar ɗaki saboda sauro. Hajja ta leƙo ta ce ashe malaman boko ma suna da hannu.

Gab da faɗuwar damina Gwaggo ta iso. Ƙanwar mahaifina ce. Mu asali makiyaya ne. Mahaifina ya sayar da garkensa tun ina goye ya zauna a nan Yerwa, wato Maiduguri, yana fataucin dabbobi har ya rasu, ita kuwa ta tsaya a daji, can arewa, inda yashi ke shanye ruwa kafin mutum ya ajiye guga. Yaran nan, haka muke kiransu ba ma ɗaga murya, sun shiga rugarsu sun kore shanun. Ta zo a bayan motar itace da surukarta da jikoki, da buta a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba da labari ba.

Tun ranar farko ta ce ba za ta daɗe ba. Mutanen rugarsu suna wata makaranta da aka mayar sansanin gudun hijira, can za ta.

"Gidan siriki ba wurin zama ba ne, 'yar nan. Na zo in gan ki ne kawai."

Na san sansanin. Na san yadda ake cunkusa iyalai a aji ɗaya, da layin bayan gida, da gudawar da ke kwashe tsofaffi da damina. Ita kaɗai ta rage mini a ɗakin mahaifina, kuma ina sonta, ko da ban taɓa faɗa mata ba, mu ba ma faɗin irin wannan. Na ƙudura a raina Gwaggo ba za ta kwana a sansani ba muddin ina da rufin ɗaki. Maigidana ma ya durƙusa ya roƙe ta, ta juya masa baya don kunya, ta ce to, sai an ga abin da Allah zai yi.

Sai dai ita ma ba ta iya zama ba, jini ɗaya ne. Matar da ta saba tatsa da kaɗa nono da bin maraƙa, yanzu an ce ta zauna a tabarma a kawo mata abinci. In ta ɗauki tsintsiya in ƙwace, ai baƙonka annabinka. In ta nufi murhu surukarta ta riga ta. Kullum ƙullin kayanta na ɗaure a bakin ƙofa, kullum da safe sai na duba ko yana nan.

Rannan ta gan ni ina alwala a kan jarkokin. Ta matso, ta murza ganye, ta shinshina, fuskarta ta saki a karon farko.

"Haka ake yi. Ba a zubar da ruwa a banza, a ba mai rai."

Daga ranar ɗoɗɗoya ta zama garkenta. Ta kafa doka: duk mai alwala a gidan nan, a kan jarkokin zai yi. Gidan kuwa ya cika, don 'yan'uwan maigidana su ma sun iso daga wani ƙauyen. Kowace salla sai ka ga layi, manya da yara, kowa da butarsa, Gwaggo na tsaye tana nuna jarkar da ba ta samu ba. Ruwan wankin gero can, ruwan ɗauraye kwano can. Ta kwance ƙullin kayanta, ta shanya zannuwanta a igiyarmu. Na yi hamdala.

Sai damina ta kankama. Irin ruwan Maiduguri, iska ta fara zuwa ta ɗaga kwanon rufi, sannan sama ta ɓalle, unguwa ta zama tafki. Ganyen ƙasa suka fara rawaya suna zuba. Na tsoma yatsa, ƙasar ta zama kunu, tana wani tsami-tsami. Na ɗaga jarka ɗaya in ga me ya hana ruwa fita, sai ga kowace huda an toshe ta da tsumma, an bi da narkakkiyar leda, aiki mai kyau, irin na wanda ya san darajar jarka a bakin rijiya. Gwaggo ta ga suna yoyo, ta gyara mini.

Na tsaya riƙe da jarkar, dariya na cina, haushi na cina. Wa zai ce wa gwaggonsa ruwan alwalarta na kashe shuka? Wa zai ce wa wanda aka koro daga gidansa ya rage zuba ruwa, bai ji kamar gori ake masa ba? Na kai ƙara wurin maigidana, ya ce, "Ke, ganye ne fa. In ya mutu Hajja ta ba ki wani." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Ni na raine su tun suna cikin kwalba, kuma a shekarar nan su kaɗai ne abin da na sa hannu ya yi kyau.

Sai na ɓullo ta bayan fage. In ta shiga salla in cire tsummokaran. Washegari in tarar an mayar, ta kuma ja kunnen jikokinta wai su ne masu ɓarna. Na ce a gabanta, kamar da wasa, ai damina ta wadatar. Ta ce ruwan sama daban, ruwan alwala daban, wannan da albarka a ciki. Na kasa zaune na kasa tsaye. Gindin rassan ya fara baƙi, jarka biyu suka tafi gaba ɗaya.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, na kwashe sauran na cire toshin na jera su a kan katanga, inda hannu ba ya kai wa sai da turmi. Da azahar Gwaggo ta fito da butarta ta tarar da wurin wayam. Ta ɗaga kai.

"Me ya kai su sama?"

"Saboda awaki, Gwaggo."

Ta dubi tsakar gidan. Rabon gidan nan da akuya tun kafin hanyoyi su rufe. Ta jawo turmi ta hau, tsohuwa da ita, ta tsoma yatsa a ƙasar, ta ciro reshe ɗaya da ruɓaɓɓiyar saiwarsa ta shinshina. Wadda ta yi rayuwarta tana duba kofaton shanu da damina ba sai an yi mata bayani ba.

"Ruwa ne ya yi mata yawa," ta ce. "Tun yaushe kika sani?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kika bar ni ina dukan yara a banza. Me ya hana ki faɗa?"

"Kunya, Gwaggo."

"Da ubanki ne da tuni ya ce, ke, kin kashe mini ganye. Baƙo ake ɓoye wa magana, 'yar nan."

Ta sauka, ta je bakin rariya ta yi alwalarta, tana kallon ruwan yana bin rami yana fita waje. Da la'asar ƙullin kayanta ya koma bakin ƙofa.

Na yi duk abin da na iya. Na sauko da jarkokin na mayar wurinsu, na ce ta zuba, in sun mutu sun daɗe ba su mutu ba. Na yi kuka, abin da ban yi ba ko ranar da ta iso. Na turo Hajja, suka daɗe suna magana da Kanuri, Hajja ta fito tana girgiza kai. Gwaggo ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi da na san ta inda zan ɓullo. Cewa kawai ta yi gidan ya yi cika, kuma mutanenta na can. Ta bar mana ƙananan jikokin, ta shiga keke mai ƙafa uku ita da surukarta. Har yau in an tambaye ni zan ce saiwar ruɓewa take yi, ban yi ƙarya ba. Amma na rasa wanda wannan gaskiyar ta amfana.

Ɗoɗɗoya ba ta da alkunya. Da ƙasar ta sha iska sai ga sabon toho, kafin damina ta ɗauke ta fi da yawa. Na riƙa zuwa sansanin da tuwo da sabulu, kowane zuwa in roƙe ta ta dawo, ta ce sai an ga abin da Allah zai yi. Wata Juma'a na ce bari in kai mata abin da take so. Na yanko manyan rassa, masu faɗin ganye, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na wuce shingaye da su, har wani soja ya tambaya ko magani ne.

Na same ta a barandar wani aji tana tsince gero, ta rame, tana tari. Na buɗe tsumman na ajiye a cinyarta, ƙamshin ya tashi har matan kusa suka waiwayo. Na ce ta sa a shayi, yana maganin tarin. Ta ɗaga reshe ɗaya, ta juya shi, ta duba bayan ganyen kamar yadda take duba dabba a kasuwa.

"Ta jarkokin nan ce?"

"Ita ce, Gwaggo."

"Ashe ta warke," ta ce. "Kin gani ko? Da muka tashi."

Ta raba wa matan rassan ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage wa kanta ko ganye ba, ta ce in gaida mai gidan. Ba ta ƙara kwana a ɗakina ba.