Gaisuwar Da Ta Cinye Mini Jawabi

Edita, a shekarun da kuɗin man fetur ya fara ambaliya a ƙasar nan, ni saurayi ne ɗan wani ƙauye kusa da Mairuwa, ina shekarar ƙarshe a babbar kwalejin horon malamai. Ba yabon kai ba, kaina yana ja. A shekarar aka ce kowane ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya gabatar da bincikensa da baki, wanda ya fi gamsar da su shi za a tura jami'a a kan kuɗin gwamnati. Mahaifina manomi ne, in wannan ƙofa ta rufe mini, babu wata.

Bincikena a kan abin da na sani ne kamar yunwar cikina: me ya sa samarinmu ke barin gonakin auduga suna tafiya birni aikin lebura. Da hutu na ari keken yayana na zaga Pauwa da Sabuwa da ƙauyukan Ƙanƙara, na ji daga bakin tsofaffi da samarin kansu. Na tsara jawabina, na shiga gonarmu ina zuba wa karan dawa shi da ƙarfi har na haddace. Karan dawa kuwa bai taɓa kushe ni ba, sai ma kaɗa kai.

Abin da ban shirya masa ba shi ne, a tsakiyar alƙalan akwai wani dattijon malami mutumin Faskari, aminin mahaifina, wanda ya ci naman sunana. A gidanmu yaro ba ya tsayuwa a kan babba, ba ya kallon idonsa, ba ya shiga magana sai gaisuwa ta ƙare. Ina ganin farin gemun nan sai na nufi gabansa. Na rusuna na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi iyali. Sai na ga ai rashin tarbiyya ne in gaida shi in tsallake sauran, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na kuma nemi gafarar tsayuwa a kansu. Da na shiga jawabin kaina a sunkuye yake, muryar da ke cika gona ta koma ta mai neman aure gaban surukai. Na baya suka fara cewa ba sa ji. Ina cikin lissafa garuruwan da na je aka kaɗa ƙararrawa. Abin da na gano, wanda na sha rana dominsa, ko kalma ɗaya bai fita ba. Na fito ina jin haushin kaina har da hawaye.

Allah ya taimake ni rubutaccen aikin ya yi kyau, alƙalan suka yarda in sake gwadawa mako na gaba. Na zauna na yi wa kaina hisabi. Gaisuwa dai ba zan iya barinta ba, da ita aka gina ni, amma wa ya ce dole sai a zauren jawabi? Ranar sake gwajin, da hantsi na tafi gidan dattijon, na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe shi gaisuwa mai rai da lafiya, har awakin gida sai da na tambaya. Sannan na roƙe shi izini cewa yau zan tsaya a kansa, in ɗaga murya, in kalle shi. Ya yi dariya ya ce da ma abin da yake jira ke nan, shi ilimi ya zo ji, tsakiyar kaina kuwa ya gan ta tun ranar aski.

Na shiga zauren na yi sallama ɗaya, na fara da abin da na gano: samarinmu ba ƙin noma suke ba, kuɗin auduga sau ɗaya yake zuwa a shekara kuma hannun uba yake shiga, ladan lebura kuwa aljihun yaro yake faɗawa. Wani abokina ya zauna can baya, mun yi da shi in muryata ta yi ƙasa ya ɗaga hula, har na gama hular tana kansa. Na riga ƙararrawa ƙarewa. Dattijon ne ya jefo tambaya mafi wuya, na amsa masa ido cikin ido. Ni aka tura.

Don haka 'yan'uwana ɗalibai, musamman ku da kuka tashi irin tashina, kada wani ya ce ku yar da ladabi, amma ku san inda za ku ajiye shi. Ku gwada jawabinku gaban mutane da agogo, ba gaban abin da ba ya iya ce muku bai ji ba. Ku fara da abin da kuka gano tun lokaci yana hannunku. Wanda ya zauna saurarenku, girmama shi shi ne ku bari ya ji ku. Ni na kusa rasa jami'a a kan tambayar lafiyar iyalin da na san lafiyarsu lau.