Inna Bahaguwa da Tsagar Bayan Kunne

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo, amma fa wannan tarihi ne, ba tatsuniya ba.

Haihuwa

An haifi Inna Bahaguwa a shekarar 1952 a wani gari na bakin kogi, mahaifinta maƙeri, mahaifiyarta mai kitso. Karatunta bai yi nisa ba, amma hannu kam masha Allah. Da hagu take tsaga, shi ya sa kitsonta kan karkace ta bayan kunnen dama.

Aure da zuriya

A 1970 ta auri wani mai fito, Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. Auta kaɗai ta gaji hannunta, har da karkacewar.

Hijira

A 2015, bayan rasuwar maigida, rikici ya tashi garin. A mashigi aka rabu: Auta, da tsohon ciki, ta faɗa wani jirgin daban.

A sansanin gudun hijira Inna ta kafa kujerarta ta kitso jikin rumfar cajin waya. Labari kuwa ga shi nan birjik, na rediyo, na lasifikar ma'aikata, na layin famfo. Yau a ce an ga Auta, gobe a zo mata ta'aziyya. Sai ta kafa sharaɗi: duk wadda ta ɗora kai a cinyarta, sai ta nuna mata hotunan da 'yan gudun hijira ke turawa zaurukan waya.

Wata mai zuwa kitso ta ce, "Inna, ke da ko zare ba kya iya zurawa a allura?"

"Ke dai latsa, mai kai kamar sheƙar tsuntsu."

A 2021 aka nuna mata hoton rabon barguna a wani sansani, ga wata yarinya ta ba da baya.

"Tsaya. Ƙara min girman nan. Wannan tsagata ce."

Aka yi ta cigiya daga zaure zuwa zaure: wa ke wa yarinyar nan kitso? Amsa ta zo a saƙon murya daga Auta: "Inna, ni ce. Wannan takwararki ce."

Rasuwa

Auta ta iso a 2022. Ita ta yi wa Inna kitsonta na ƙarshe, Inna na ta mita wai tsagar ta karkace.

Allah ya yi mata rasuwa a 2023, aka binne ta a maƙabartar bayan sansani. Ta bar ɗanta Babba, tela. Da mai bi masa, ungozoma. Da Auta, wadda kujerar ke hannunta yanzu, a jikin rumfar cajin.