Hannun rigata a jikin kyanwa

Tun shekarar da ɓeraye suka cinye mana irin shuka a Ollelewa ban sake zama babu kyanwa a gida ba. Mai gadin rumbuna yanzu 'Yar Baƙa muke ce mata.

Kwanan baya ciwon ciki ya kwantar da ita, ɗana ya kai ta Damagaram wajen likitan dabbobi. Aka cire mata mahaifa, aka ɗinke. Likita ya ce a sa mata riga, kada ta yi ta lasa har ɗinkin ya farke.

Na ce a gidana dabba ba ta sa riga. Da wane ido zan shiga kasuwar Tanout?

Ba a jima ba sai ga jini a cikinta, ta tsinke zare da haƙori.

Matata ta ce, "Malam, ba kai ke ɗaure wa akuya hantsa da ƙyalle don kada ɗanta ya tsotse ba?"

Na ce, "Wannan ai aiki ne, ba ado ba."

Ta ce, "To ita wa ya ce maka biki za ta?"

Na yanke hannun tsohuwar rigata, na huda wurin ƙafafu, muka zura mata. Yanzu miki ya fara bushewa, tana cin abinci, tana hararata daga gindin rumbu.

Masu dariya ku yi, masu dabara ku faɗo taku. Ni dai gobe da safe ɗaya hannun zan yanke, ta samu na canji.