Ramin da Ya Buɗe a Gonata

A damunar da rediyo ya ce Turawa sun taka wata, ina zaune a wani ƙauye kusa da Likoro. Ban daɗe da aure ba, matata tana da tsohon ciki. Yaƙin basasa bai ƙare ba a lokacin, yayana yana bakin daga, kuma duk sanda jirgi ya gifta ta kanmu sai mata su kwashe yara su shige ɗaka. Mun riga mun koyi tsoron sama tun kafin abin da zan faɗa ya faru.

Gonar da mahaifinmu ya bar mana tana jikin wani tudu. A gefenta akwai tarin baƙaƙen duwatsu masu nauyi da ƙyalli, wasu da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wasu kamar an narkar da su sun kwarara sannan suka daskare. Kakanninmu baƙi ne a wurin, haka suka tarar da su, ba wanda ya san mafarinsu.

Wata safiya ina huɗa da bijimai biyu da na aro wurin wani maƙwabcina Bafulatani, sai na ji ƙasa ta yi wani irin nishi a ƙarƙashin ƙafata. Kafin in ja da baya, ƙafafun bayan bijimin dama sun nutse. Ya yi wani kuka da har yau ban manta ba. Ihuna ya tara mutane, muka ɗaura masa igiya muka jawo shi da ƙyar, ƙafa ɗaya a karye. A nan aka yanka shi. Da ƙura ta lafa, sai ga rami a tsakiyar kunyoyina, bakinsa a zagaye kamar na rijiya, ya miƙe sambal zuwa ƙasa. Wata iska mai sanyi da wari tana fitowa daga ciki. Na jefa dutse. Na ji ya faɗi, sannan na ji ƙararsa ta ci gaba da tafiya ta gefe, ta ƙarƙashin inda muke tsaye. Duk muka ja da baya.

Washegari malamin asibitinmu ya zo a kan kekensa. Mutum ne da muke girmamawa, shi ya warkar da mahaifiyata daga ciwon ƙafa, kuma shi kaɗai ne a yankin yake karanta mujallun Turanci. Ya leƙa ramin, sannan ya je ga tarin duwatsun ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana juya shi. Na ga fuskarsa ta sauya.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin wutar da ta narkar da dutse?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "To ni ma haka. Amma yanzu a Turai ana ta rubutu cewa a zamanin da, wasu halittu daga taurari sun sauko duniya cikin jiragensu. Su suka yi manyan gine-ginen da ake mamaki a ƙasashe, su suka koya wa mutane sana'a, sannan suka tafi. Inda jirginsu ya sauka, wutarsa takan ƙone ƙasa ta narkar da dutse."

Ya zaro wata mujalla daga jakarsa ya nuna mana hoton wani zane a jikin dutse, mutum ne da wani abu kamar ƙwarya a kife a kansa. A gefe kuma ga hoton Baturen da ya je wata, shi ma da nasa ƙoƙon a ka. Wallahi sun yi kama. Wani dattijo ya tambaye shi ko za su dawo. Malamin ya ce, "Baba, wanda ya taɓa zuwa wuri ai ya san hanya."

Ba wai yana neman tsorata mu ba ne. Shi ma a tsorace ya mayar da mujallar cikin jakarsa.

Kafin kasuwa ta sake ci, maganar ta kai Kudan ta dawo da ƙari. Wasu suka ce aljanu ne masu jirgi. Wasu suka ce Turawan da suka je wata sun taɓo musu gida, shi ya sa suka buɗe tsohuwar ƙofarsu. Liman ya ce mu yawaita addu'a, gaibu na Allah ne, amma shi ma ya daina bin hanyar da ta ratsa gefen gonata. Sai kuma wata rana, muna fitowa daga sallar magariba, wani ya nuna sama. Ga tauraro yana tafiya a hankali, ba ya ƙiftawa, ba shi da ƙara, ya taso daga yamma ya bi ta saman tudun. Na zauna a dakalin masallaci.

Surukata ta zo daga Saulawa tun lokacin tafiya goyon ciki bai yi ba. Muka gaisa, na durƙusa ina tambayar mutanen gida, ita kuwa idonta yana kan ƙullin kayan 'yarta.

Ta ce, "Ɗan nan, ba zan bar ta ta haihu kusa da wannan abu ba."

Matata ta dube ni tana hawaye, ta ce, "Malam, ka taho mu tafi tare." Na ce dawa tana gona, wa zan bar wa? Na raka su har bakin rafi na dawo gida babu kowa.

Samarin da muka yi alkawarin gayya da su ba su zo ba. Ni kaɗai nake noma, ina yi ina waiwaye, ina ɗaga kai sama. Da rana tsaka wata rana na ji wani gurnani yana fitowa daga ramin, ƙasa-ƙasa, yana tashi yana sauka. Na yar da fartanya na ruga, ban tsaya ba sai a zauren maƙwabcina. Daga ranar ciyawa ta fara cin gonar, ina kallo daga nesa.

Hedimastan makarantar Kudan ne ya kai labarin Zariya. Sai ga mota ta kawo wani malamin jami'a mai binciken tarihin mutanen da, Bahaushe ne siriri mai tabarau. Ya gaida mai gari da dattawa yadda ya kamata, sannan ya ce a kai shi. Mutane suka biyo mu amma suka tsaya nesa. Malamin asibiti ma ya zo da mujallarsa.

Baƙon ya dubi hoton ya ce, "Malam, an tambayi jikokin waɗanda suka yi zanen nan me suka zana? Sau da yawa abin rufe fuska ne na bikinsu, ko rawanin sarautarsu. Wanda ya kwana yana kallon hoton masu zuwa wata, duk abin da ya gani a kan mutum zai ce hularsu ce."

Malamin asibiti ya ce, "To dutsen da ya narke fa?"

Ya ce, "Kashin maƙera ne. Dattin da ke fita idan an dafa tama a murhun yumɓu don a fitar da ƙarfe. Na ga irinsa a wurare da dama a ƙasar nan. Ramin kuwa, ina zaton nan suke haƙo tamar. Amma zato ne, sai na shiga na gani." Ya juyo gare ni ya ce, "Maigona, an ce ka taɓa haƙar rijiya. Za ka raka ni?"

Na so in ƙi. Amma na tuna ciyawar da ke cin dawata, na ce to.

Aka kawo igiya, ni na fara sauka. Ina cikin lalube da ƙafa sai yatsuna suka faɗa wani ɗan gurbi a jikin bango. Na sauke ɗaya ƙafar, ga wani a ɗaya gefen, daidai inda mai haƙar rijiya zai sara matakala. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. A ƙasa, ramin ya karya gefe, sai da rarrafe. Malamin jami'ar ya sauko ya kunna tocila. Nan take gurnanin nan ya taso mana gaba ɗaya, wani abu ya doki fuskata, wani ya shiga wuyan rigata. Na kifa kai ina salati da ƙarfi. Jemagu ne, suka yi ta wucewa ta kanmu. Daga sama muka ji ihun mutane suna watsewa.

Muka rarrafa gaba. Ya haska mini bango, ga sawun sara a jere, ga jan dutsen tama yana bin jikinsa. Can inda rufin ya taɓa ruftawa, na dafa wani abu mai santsi a cikin ƙasa. Na share shi da hannu. Ramukan ido biyu suka dube ni.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ji ya riƙe kafaɗata yana cewa, "Mutum ne, maigona. Mutum ne irinmu. Ƙasa ce ta danne shi yana aiki." Kusa da ƙasusuwan akwai fasasshiyar tukunya da wani guntun ƙarfe da tsatsa ta cinye. Haƙoransa duk suna nan, da alama bai tsufa ba. Na kasa ɗauke ido daga rufin da ke kanmu, ƙasa tana ɗan zubowa a wuyana. Na ce, "Malam, don Allah mu fita."

Da muka fito, ya tona gefen tarin duwatsun ya ciro gawayi da guntayen bututun yumɓu, irin wanda ake zura bakin zugazugi a ciki. Ya miƙa wa malamin asibiti ɗaya ya ce, "Duk abin da ke nan na ƙasar nan ne, yumɓu da gawayi da tama. Da baƙi daga sama ne, ai da mun tsinci ko da ƙusa ɗaya da ba irin tamu ba. Kuma ka lura, masu wannan magana sun fi yin ta a kan aikin kakannin wasu. Idan aikin nasu kakannin ne, ba sa neman wanda ya taya su."

Malamin asibiti ya ce, "Za ka iya rantsewa ba su taɓa zuwa ba?"

Ya ce, "Ba zan iya ba. Amma wanda ya ce sun zo, shi zai kawo shaida. Ni abin da na gani ke nan." Da aka tambaye shi tauraron mai tafiya, ya ce na'ura ce da mutane suka harba, tana kewaya duniya.

Aka fito da ƙasusuwan. Liman ya ce ba mu san addininsa ba, amma ɗan Adam ne, a suturta shi. Muka naɗe shi a farin ƙyalle muka binne a gindin wata ɗorawa. Ramin kuwa muka cika shi da duwatsun nan da ƙasa. Rabin dawata ta lalace a shekarar. Matata ta haifi 'ya mace a Saulawa, ba ta yarda ta dawo ba sai bayan girbi. Ni kuma na daina tsoron sama, na koma tsoron ƙasa, domin malamin jami'ar ya ce da wuya a ce ramin ɗaya ne. Ban sake sa shanu a wannan gefen ba.

An yi wa malamin asibiti canjin wurin aiki, muka rabu lafiya, bai sauya ra'ayinsa ba. Bayan shekaru, ina cin kasuwar Makarfi, na zauna wurin mai shayi sai na ji wani direba yana ba da labarin wata gona a wajen Likoro inda mutanen sama suka sauka, har an tono gawar ɗayansu mai ƙaton kai, gwamnati ta ɓoye. Na ce masa gonata ce, ni na taɓa ƙoƙon kan da hannuna, kuma bai fi nawa girma ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, ai kowa haka yake cewa." Ya juya ya ci gaba da labarinsa, mutane suna matsowa kusa.